Ɗalibin da Ban Tambaya Ba

Kwanakin baya na hau acaɓa daga Daura zan je gaisuwar rasuwa wajen Dutsi, sai hanya ta bi da mu ta gefen makarantar da na fara koyarwa ina saurayi. Na ce wa ɗan acaɓan ya ɗan tsaya. Ya tsaya, amma bai kashe injin ba, irin na yaran yanzu da kullum kamar ana korarsu. Ba don rijiyar ba da ban gane wurin ba. An rushe dogon ginin ƙasan nan mai azuzuwa, an yi na bulo an shafa masa fenti, an kewaye shi da katanga. Darbejiyar da muke rataye ƙararrawa an sare ta, ko kututturen babu. Na daɗe ina kallo har yaron ya gaji ya ce, "Baba, ajiya ka yi a nan ne?" Na ce masa a'a, mu je. Amma tun daga ranar zuciyata take komawa can, shi ya sa na ce bari in rubuta tun ido yana gani.

A zamaninmu da kunne ake fara sanin makaranta. Tun rana ba ta ɗaga ba za ka ji ƙarar tsintsiya a fili, yara sun jeru sun duƙa suna shara, ka ji guga yana faɗawa rijiya ana cika randunan da ke bakin ofis. Can sai babban ɗalibi ya ɗauki guntun ƙarfe ya doki tsohuwar ƙafar motar da aka rataye a reshe, ƙarar ta ratsa gari har cikin gonaki, masu latti su fito da gudu da ragowar ɗumame a hannu. In an shiga aji sai waƙar lissafi ta tashi, biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu, wannan aji yana tasa, na kusa yana tasa, su haɗu da luguden mata a turmi daga gidajen da ke bayan makaranta. Ranar Alhamis da yamma a je gonar makaranta a yi wa gyaɗa noma. Ranar Juma'a kafin a tashi a daka gawayi da ƙaro a shafe allo ya yi baƙi wuluk, ya kwana biyu yana bushewa. Yanzu jikokina mota ke ɗaukarsu, jaka a baya kamar masu tafiya fatauci, aikin gida ma a waya ake turo wa iyayensu. Ba na cewa namu ya fi nasu. Mu tsofaffi muna da wannan ciwon, duk abin da ya wuce sai mu ga ya fi zaƙi. Akwai abubuwan wancan zamani da gara da suka tafi, kuma ɗaya daga cikinsu da hannuna na yi shi.

Ni Bahaushe ne, Kirista, daga wani ƙauye a kudancin ƙasar Katsina. Karatuna bai yi nisa ba, takardar koyarwa mai daraja ta biyu ce kawai, ita ma sai a zama na biyu na same ta. Ranar da zan taho ƙasar Daura mahaifiyata ta riƙe hannuna a bakin mota ta ce, "Ɗan mutum ba dabba ba ne, ko ɗan wane ne. Ka ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane." Na ce to, hankalina yana kan sabon takalmina. Garin da aka turo ni kusan duk Musulmi ne, manoma da masu kiwo, kuma sun karɓe ni hannu bibbiyu. Mai gari ya ba ni ɗaki a gidan ƙanensa, ban taɓa kwana da yunwa ba. Malamin makaranta a lokacin ba ƙaramin mutum ba ne. Ni ke rubuta wa mutane wasiƙa, ni ke karanta musu wadda ta zo, dattijon da ya haife ni sai ya ce mini Malam, a aiko mini da ƙwan zabi da nono. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai in aka yi masa haka, sai Allah ya kiyaye, ni kuwa kaina ya kumbura. Ranar da na kama aiki hedimasta, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce mini, "Malam, addininka naka ne, babu mai taɓa ka. Amma aji na karatu ne, ba na wa'azi ba." Na amince, kuma na riƙe alkawarin har na yi ritaya. Sai dai a karkace na fahimce shi. Na ɗauka tunda ba zan yi wa'azi ba, to bangaskiyata ba ta da aiki a aji. Sai in bar ta a ɗaki tare da rigar Lahadi, in ɗauki alli da tsumagiya in tafi.

Akwai wata al'ada da na tarar a makarantun wancan lokaci, ni ma da ita aka koyar da ni. Malami zai jefa tambaya ya bi benci benci. Duk wanda ya kasa sai ya miƙe ya tsaya. Haka za a yi ta bi har a kai ga wanda ya ba da amsa daidai, shi kuma ladansa shi ne ya bi waɗanda ke tsaye ɗaya bayan ɗaya ya yi musu ranƙwashi a ka. In ya sassauta don tausayi ko don abota, malami ya kira shi ya nuna masa yadda ake yi, a kan nasa kan. Cewa muke yi hakan yana sa kishi, kishi kuma yana sa ƙoƙari. Ni na ƙara wa abin gishiri. Na jera zama bisa sakamakon jarrabawa, masu ƙoƙari a gaba kusa da teburina, sauran a baya, bencin ƙarshe kuma da bakina na sa masa suna garken jakuna.

A ajin ƙarshe da aka ba ni akwai wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan ba abin mamaki ba ne a lokacin, domin in an ce mai gari ya kawo yara, duk wanda hannu ya kai kansa shi ake rubutawa, babba da ƙarami rana ɗaya. Babban ana ce masa Dogo. Ya kai shekara goma sha shida, murya ta buɗe, tafin hannunsa duk kanta saboda fartanya. Karatu yana shigarsa a hankali, kamar ruwa a fako. Ƙaramin, Auta, bai fi sha biyu ba, ɗan firit da shi, amma kafin in gama rubuta lissafi a allo ya riga ya gama a ka. Shi ne abin tinƙahona. In mai duba makarantu ya zo daga Daura, Auta nake tayarwa. A raina na riga na gama cewa zai ci jarrabawar shiga sakandare, a ce ɗalibin Malam wane ne. Kullum tare suke zuwa, Dogo a gaba riƙe da littattafansu su biyu, Auta a baya yana tsalle. A bakin ƙofa sai su rabu, ɗaya ya yi gaba, ɗaya ya yi baya.

Da yake daga gaba nake fara tambaya, Auta yakan amsa tun ba a yi nisa ba, don haka bai taɓa haɗuwa da wansa a layi ba. Wata rana, ban san abin da ya hau kaina ba, na ce yau daga garken jakuna za mu fara. Na jefa wani lissafi. Dogo ya kasa, na kusa da shi ya kasa, aka yi ta miƙewa har rabin aji yana tsaye, sannan aka iso kan Auta ya faɗi amsa. Ya bi layi yana yi, ƙwas, ƙwas, har ya iso gaban Dogo. Sai ya tsaya ya sauke hannu.

"Me ya tsayar da kai?" na ce.

"Malam, Yayana ne."

"Na san Yayanka ne. A ajin nan babu yaya babu ƙane, mai sani ne da marar sani. Yi."

Bai motsa ba. Na ɗauki tsumagiya daga kan tebur. Dogo ya dube ni, ya dubi ƙanensa, ya ce a hankali, "Yi kawai, Auta, kada a dake ka." Da yake hannun yaron ba zai kai ba, sai Dogo ya dafa gwiwoyinsa ya sunkuyar da kai. Auta ya taɓa shi kamar mai korar ƙuda. Na ce ban ji ƙara ba. Ya sake, wannan karon aka ji. Aji ya fashe da dariya, ni ma, Allah ya gafarta mini, na yi murmushi. Kafin a tashi an yi wa Dogo sabon suna. Daga filin makaranta har bakin kasuwa ana kiransa, "Sunkuyo! Sunkuyo, ga Auta nan zuwa!" Har 'yan mata masu tallar gyaɗa suka ɗauka. Shi ya yi kamar bai ji ba. Ni na ji, ban hana ba.

Daga wannan mako Auta ya daina sani. Da farko na ɗauka zazzaɓi ne. In tambaye shi abin da ya iya tun yana aji uku, ya miƙe ya ce, "Ban sani ba, Malam," ya tsaya cikin masu jiran ranƙwashi. Wani lokaci ya faɗi amsar da ko ɗan aji ɗaya ba zai faɗa ba. Yaran da yake yi musu a da suka samu dama, suka riƙa ramawa da ƙarfi, shi kuwa ko uffan. Jarrabawar wata ta zo ya miƙo mini takarda rabinta fari. Bisa dokata na mayar da shi baya. Ya tattara littattafansa ya je ya zauna kusa da Dogo, na kuma lura ko ɓata rai bai yi ba, wannan ya ƙara tunzura ni. Na ce girman kai ne, yabo ya lalata shi. Hedimasta ya taɓa tare ni a baranda ya ce, "Malam, rijiya ba ta ƙafewa rana ɗaya. Ka leƙa ka ga ko wani abu ne ya faɗa ciki." Na ce masa taurin kai ne kawai, kuma na san maganinsa. Ya ce to, ya wuce. Mutum ne da ba ya maimaita magana.

Ana cikin haka aka ce in ba da sunayen waɗanda za su zauna jarrabawar shiga sakandare. Gurbi kaɗan aka ba makarantarmu. Na rubuta sunan Auta a sama, na dube shi, na tuna takardar nan mai rabi fari, na ja layi na soke. Na ce wa kaina horo ne. Bayan kwana biyu kuma na yi masa tambaya sau uku yana cewa bai sani ba, na sa ya miƙo tafin hannu na yi ta zuba masa tsumagiya har hannuna ya gaji.

A duk yankin, mu Kirista ba mu fi shida ba, kuma a zauren wani dattijo muke sujada ranar Lahadi. Shi ne malamin ɗakin shan magani na garin, ya daɗe a nan har ya zama ɗan gari, kowa Baba Likita yake ce masa, liman ma wajensa yake zuwa a ɗiga masa maganin ido. Lahadin nan da muka gama waƙa da addu'a kowa ya tashi, sai ya ce, "Malam, kai zauna." Ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa a ƙaro mini kunu.

"Shekaranjiya an kawo mini wani hannu," ya ce. "Ya kumbura kamar an hura shi, yatsu biyu sun fashe. Wansa ne ya ɗauko shi a keke."

Na kurɓi kunun, na kau da ido.

"Na wanke na ɗaure. Ina zuba masa ƙwayoyi, ka san tsufa, ina ta cewa biyu-biyu sau uku a rana, kwana biyar, nawa ke nan, nawa ke nan. Kafin in ɗauko alƙalami yaron ya ce talatin. Sai ya toshe bakinsa da ɗayan hannun kamar ya yi saɓo."

Na ce, "Ka gani ko, Baba? Ya sani sarai. Raini ne kawai yake yi mini."

"Ni ma na tambaye shi. Na ce kai da ka san wannan, me ya haɗa ka da bulala? Ka san abin da ya ce? Ya ce, in na sani, sai a sa in bugi Yayana."

Ban san lokacin da na ajiye kunun ba. Baba Likita ya bar ni na ɗan jima, yana korar kaji daga bakin zaure da sandarsa, sannan ya ci gaba.

"Ɗana, an ce kada ka yi wa'azi a aji, kuma gaskiya ne, 'ya'yan mutane amana ne. Amma kana tsammani ba ka yi? Yaran garin nan Kirista nawa suka taɓa gani? Ni da kai. Ni sai ba su da lafiya suke ganina, kai kuwa kullum. Abin da za su sani game da Almasihu har su tsufa, a hannunka za su karanta shi."

Na ce ai haka aka koyar da mu duka, har da shi.

"Haka ne, ni ma na sha. Amma yanzun nan muka gama furtawa da bakinmu cewa Allah ya yi mutum cikin kamanninsa. Ka taɓa jin an ce masu kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai? Waɗanda ka jera a baya ka ce musu jakuna, kamannin wa ka zaga? Ubangijin da muke bi durƙusawa ya yi ya wanke ƙafafun almajiransa, har da masu jinkirin ganewa. Kai kuma ka sa babba ya sunkuya ƙarami ya doke shi. Yaro ɗan shekara sha biyu ya zaɓi a riƙa dukansa kullum da ya wulaƙanta ɗan'uwansa. A ajin nan naka akwai wanda ya yi kama da Almasihu, amma ba malamin ba ne."

Da la'asar na nufi gidan su Auta. Bazara ce, ana ta sharar gona, hayaƙin ƙona kara yana tashi nan da can. Na tarar da mahaifinsu a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na ce haƙuri na zo bayarwa. Ya ci gaba da tufka bai ɗago ba.

"Hannu zai warke, Malam. Mu ma malamanmu na allo sun dake mu. Ba shi ne ya dame ni ba. Mu a nan ƙane ba ya ɗaga wa wansa hannu. In na faɗi yau, wancan dogon shi ne ubansa. Tun ranar nan ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba, kunya ta hana ƙaramin."

Na ce, "Na sani, Baba. Mu ma haka ne a wajenmu."

Sai ya ajiye igiyar. "Au, haka ne a wajenku? To ni da na ce wa uwarsu a yi maka uzuri, wataƙila a addininku babu wa babu ƙane."

Ban taɓa jin maganar da ta dake ni kamar wannan ba, kuma ba da faɗa ya yi ta ba. Na ce masa addinina bai koya mini haka ba, laifin nawa ne ni kaɗai. Ya kira yaran suka durƙusa a bakin ƙofa. Na dubi Auta da ƙyallen da ke ɗaure a hannunsa na ce ya yafe mini, na yi masa dogon bayani har da alkawura. Dogo kuwa na ce masa, "Kai ma ka yi haƙuri." Iyakar abin da ya samu ke nan.

Ranar Litinin na tsaya gaban aji na ce daga yau babu mai yi wa wani ranƙwashi, babu garken jakuna, kowa ya zauna inda yake so, kuma kada in sake jin sunan Sunkuyo a bakin kowa. Na ce na yi kuskure. Suka zuba mini ido kamar na yi wani yare. Ba su taɓa jin malami ya ce ya yi kuskure ba, sun ɗauka tarko ne, ko benci babu wanda ya sake. Mako biyu Auta bai ɗaga hannu ba. Rannan na rubuta wani lissafi a allo na juyo, aji tsit. Sai na ji murya mai kauri daga baya: "Auta, faɗa masa mana. Ai ka sani." Yaron ya dubi wansa, ya miƙe ya faɗi amsa, ya tsaya yana jiran abin da zai biyo baya. Na ce, "Daidai ne, zauna." Ya zauna.

Ana tashi na ruga ofis na ce a mayar da sunansa. Hedimasta ya cire tabarau ya ce, "Bakin alƙalami ya bushe, Malam. Takarda tana Daura tun makon jiya. Sai dai ya maimaita aji ya zauna baɗi." Muka koma wajen uban, ni da shi. A kwanakin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya saurare mu, yaran suna durƙushe a gefe, sannan ya ce, "Na ba gwamnati 'ya'ya biyu shekara da shekaru ina noma ni kaɗai, ga bayan nan nawa ya ƙi. Na sa rai bana zan karɓe su duka. In za ku ƙara wa ɗaya shekara, to ku ba ni ɗaya yanzu, damina ta zo." Kafin hedimasta ya buɗe baki na ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, Baba. Dogo ya fito." Saura 'yan watanni ya karɓi takardar gama firamare, wadda a wancan zamani ana samun aiki da ita. Ban ko juya na dube shi ba. Na dai ji ya ce, "Ba komai, Malam." Na koma gida ina gode wa Allah da ya ba ni ikon gyara kuskurena.

Auta ya maimaita, ya ci jarrabawa, ya yi karatu har ya zama malamin gona. Ni kuma aka yi ta yi mini canji, ƙauye zuwa ƙauye, har na ƙare a cikin Daura. Gaskiya koyarwata ta sake. Na koyi tsayawa a bakin ƙofar aji kafin in shiga in yi addu'a a zuci, in tuna wa kaina cewa waɗannan da zan tarar ba nawa ba ne, mai su yana kallo. Na koyi haddace sunan kowa tun makon farko, na koyi bin wanda ya yi fashi har gida in ji dalili kafin in yanke hukunci. Ban taɓa ambaton addinina a aji ba, amma na daina barinsa a waje. Yau an daina ranƙwashi a yawancin makarantu, na gode Allah. Sai dai in na wuce ta ƙofar wasu makarantun kuɗi na ga an manna hotunan waɗanda suka zo na ɗaya a babban kyalle, nakan tambayi kaina ina sauran suke zaune. Bencin baya yana nan, sunansa kawai aka daina faɗa. A coci kuwa labarin Auta ya zama shaidata. Na sha ba da shi a taron malamai, yadda Allah ya buɗe mini ido na ceto yaro mai baiwa, a yi ta cewa amin. A duk labarin, Dogo sau biyu yake fitowa, ya sunkuya, ya ce faɗa masa mana, ya ɓace.

Shekaru kaɗan da suka wuce, bayan mun taso daga sujada, na je kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa neman ɗan akuyan Kirsimeti. Ina cikin taɓa ƙugun wani bunsuru sai wani dogon tsoho mai furfura ya cire takalmi ya rusuna ya ce, "Malam, barka da rana. Ba ka gane ni ba ko? Dogo ne, wan Auta." Ya ja ni rumfarsa, ya share mini benci da hularsa, ya sa aka damo fura. Tumaki yake kiwo yana sayarwa, ga 'ya'ya ga jikoki, ya ce sai godiya. Muna cikin hira wayarsa ta yi ƙara, ya miƙo mini.

"Malam, taimaka ka karanta mini, Auta ne. Kullum sai ya rubuto, ya manta ɗan karatun nawa ya gudu. Abin da ba a kiwo ai ba ya zama."

Na karanta masa, gaisuwa ce da batun taki. Na mayar masa da wayar ina dariya na ce, "Ai kai dama karatun nan bai taɓa damunka ba."

"Wa ya gaya maka, Malam?" Da murmushi ya faɗa. "Ina sonsa ƙwarai. Kaina ne ba ya sauri. Abin da Auta zai ɗauka yau, ni sai jibi. Amma jibin ai yana zuwa."

Na ce, "Ranar nan a zauren Babanku, da na tambaye ka, me za ka ce?"

"Da na ce a bar ni in ƙarasa. Na riga na tsara abina tun Baba yana magana. In yi sammako in yi noma kafin a buga ƙararrawa, in an tashi in koma gona har magariba. Wata nawa ne duka-duka? Da na iya. Baba ma da ya yarda, ba ya musu da malamai. Amma ka riga ka faɗa."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Haba, Malam. Ni wa, da zan yi magana bayan taka?"

A tsakiyar kukan tumaki da hayaniyar dillalai na gane cewa tubar da na yi shekaru ina alfahari da ita rabi ce. Na ajiye bulala, amma ban ajiye mudun da nake auna yara da shi ba. Wanda zai fitar da ni kunya na ceto, ɗayan na miƙa shi ban ko nemi jin ta bakinsa ba, shi da ya sunkuyar da kai don kada a daki ƙanensa. Na sauko daga bencin na durƙusa a gabansa, gwiwoyina suna ƙara, na ce ya yafe mini don girman Allah. Ya zabura ya kama kafaɗuna.

"Subhanallahi! Malam, tashi, mutane na kallo. Na yafe tun ba yau ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya zaunar da ni, ya turo mini ƙwaryar gabana, ya gyara mini ludayi.

"Ga shi dai ka tambaya. Sha furarka kada ta yi tsami."